Kafin jirgi ya bar gaɓa: yadda na daina kwasar aman iyalina a tsakiyar teku

Maigidana ɗan Yawuri ne. A bakin kogin Neja ya tashi, kuma har gobe idan aka ɗauko maganar ruwa sai ya gyara zama. Ranar da na ce mu biya ta kemis mu sayi maganin jiri kafin mu kama hanyar Southampton, dariya ya yi har da buga sitiyari. Wai shi da ya yi wayo a cikin kwale-kwale, shi za a ba ƙwaya don zai hau jirgi mai bene goma sha biyar, wanda har lif gare shi? Ni da ko jirgin fito ban taɓa hawa ba, sai na ja bakina na yi shiru.

Oktoban 2023 ne, hutun tsakiyar zangon karatu na yara a nan Ingila. Mu shida ne: ni da shi, 'yarmu ta fari mai shekara 13, namijin mai 8, auta mai 3, sai Hajiya, surukata, da ta zo mana ziyara daga gida. Tafiyar kwana bakwai ce a jirgin ruwan shaƙatawa, a sauka Vigo a Sifaniya da Lisbon a Fotugal, a dawo. Mun tashi da la'asar sakaliya, ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Washegari da hantsi muka shiga mashigin tekun Biskay, tsakanin Faransa da Sifaniya. Sai na ga ma'aikata suna bin matakala suna saƙala 'yan jakunkunan takarda a jikin ƙarfen da ake dafawa, bene bayan bene. Na tambayi wata a cikinsu na mene ne. Ta yi murmushi ta ce in ɗauki biyu.

Kafin azahar na san amfaninsu. Yaron ne ya fara, a tsakiyar wurin cin abinci, da faranti a hannunsa. Sai babbar. Sai ni. Ɗan Yawuri ya kai la'asar yana cije baki, daga nan ya shige banɗaki bai fito ba sai da aka yi magariba. Hajiya kuwa tana kan kujera da carbinta da ɓarin goronta, tana tambaya ko yau ba a kawo shayi ne.

Shekarar da ta biyo muka sake bin hanyar nan, kuma babu wanda ya yi amai ko sau ɗaya. Abin da na yi tsakanin tafiyoyin biyu shi zan zayyana miki, 'yar'uwa, domin na san a gidaje da yawa ke ce mai haɗa jakar magani.

Ki fara da sanin abin da ke faruwa, don shi zai sa ki gane dalilin kowace shawara. Can cikin kunne akwai wasu 'yan hanyoyi masu ruwa-ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na tsaye, ko yana karkata, ko yana sama da ƙasa. Idan kina zaune a ɗakin jirgi, idonki na ganin gado da bango da labule duk a tsaye cak, yana cewa babu motsi. Kunne kuma yana rantsuwa cewa ana lilo da ke. Wannan saɓanin labarin ne ke rikita ƙwaƙwalwa, sai ta turo hamma, da yawu mai tsinkewa a baki, da gumi mai sanyi, da tashin zuciya, daga ƙarshe amai. Duk wanda ya taɓa karanta saƙon waya a kujerar baya ta mota a hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san somin-taɓinsa. Bambancin kawai, direban mota kina iya ce masa ya tsaya.

Ba kowa abin yake kamawa daidai ba. Jarirai 'yan ƙasa da shekara 2 da wuya ya dame su. Yara daga nan har zuwa wajen shekara 12 su ya fi ci. Mata sun fi maza, musamman masu juna biyu da masu ciwon ɓarin kai irina. Tsofaffi kuma sau da yawa yana raga musu, shi ya sa Hajiya ta zauna lafiya lau tana kallonmu. Wanda ya saba da kogi kuwa, ya saba da kogi ne kawai. Jiki na koyon irin motsin da ya sani, kuma doguwar igiyar Atlantika mai ɗaga jirgi a hankali ta sauke shi a hankali ba ta da dangantaka da 'yar girgizar kwale-kwale.

Ga abin da na fi so ki riƙe a duk rubutun nan. Da zarar tashin zuciya ya fara, ciki yana rage aiki, abin da aka haɗiye sai ya zauna bai wuce ba. Ƙwayar da kika sha bayan kin fara jin jiri, ko dai ta kwanta a ciki ba ta shiga jini da wuri ba, ko ta dawo tare da abincin safe. A tafiyar farko na sayi magani a shagon cikin jirgi bayan yara sun riga sun faɗi, na ba su, minti goma bai cika ba muka ga ƙwayoyin a cikin jakar takarda. Magungunan nan duk na tarba ne. Ana shan su jiki na lafiya, ruwa na kwance, lokacin da maigida ke cewa me za a yi da su.

Shirin yana farawa tun ranar biyan kuɗin tafiya. Jirgi kamar lilon katako ne na yara, wanda ɗaya ke zama a wannan ƙarshen ɗaya a wancan: bakin gaba da na baya su ke sama da ƙasa, tsakiya kusan ba ta motsi. Haka kuma duk yadda kika yi sama, haka karkatar ke ƙaruwa. Don haka ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa. A karon farko mun zaɓi bene na goma sha biyu can gaba, saboda hoton ya fi kyau, kuma mun biya ƙarin kuɗi a kan wahalar da muka saya wa kanmu. A karo na biyu muka sauko bene na biyar, tsakiya, ɗaki mai taga. Taga tana da amfani, don ido ya samu ya ga abin da kunne ke ji. Za a gaya miki jirgin zamani yana da wasu fika-fikai a ƙarƙashin ruwa masu hana shi tangaɗi. Gaskiya ne, suna rage karkata dama da hagu sosai. Amma ɗaga goshi da dukan ruwa da jirgi ke yi idan igiya ta taho ta gaba, wannan ba su da iko a kansa.

Ki duba hanya da lokaci kuma. Biskay ya yi suna ne da dalili: igiyar Atlantika tana tahowa daga yamma ta yi doguwar tafiya ba abin da ya tare ta, sai ta iso inda ƙasan teku ke tashi daga zurfin sama da mita 4,000 zuwa ƙasa da mita 200, ruwan ya harzuƙa. Daga kaka zuwa hunturu ya fi muni, a watannin Yuni zuwa Agusta yakan lafa. Idan tafiyarku ta farko ce kuma da ƙananan yara, hanyoyin da kusan kullum ake kwana a tashi a wata tasha sun fi sauƙi, irin zagayen da ake yi daga Dubai zuwa Abu Dhabi da Doha, ko Bahar Rum da rani. In kina da ciki, ki karanta sharuɗɗan kamfanin tun kafin ki biya, don yawancinsu ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai sati 24 a lokacin tafiyar, kuma ba sa ɗaukar jariri sai ya kai wata shida.

Sai magani. Wata guda kafin tafiya ta biyu na rubuta sunan kowa a takarda, da shekarunsa, da duk maganin da yake sha, na je kemis na zauna da mai ba da magani. Na Hajiya kuma na kira likitanta. Kada ki tsallake wannan, domin abin da ya dace da ke yana iya cutar da wani a gidan.

Wanda na fi dogara da shi shi ne Stugeron, ainihin sunan sinadarinsa cinnarizine, mai miligiram 15. Da yawa a gida sun san shi, ana ba masu jiri. Yadda takardarsa ta ce, babba da yaron da ya wuce shekara 12 ƙwaya biyu awa biyu kafin tafiya, sannan ɗaya duk bayan awa takwas. Yaro daga shekara 5 zuwa 12 rabin haka: ɗaya da farko, sai rabi duk awa takwas. Ƙasa da shekara 5 ba a ba shi. Ya fi kyau a sha bayan an ci wani abu. Yana sa barci, amma ni nawa kasala ce kawai ta ranar farko. Mai ciwon karkarwar jiki da ake kira Parkinson ya nisance shi.

Na biyu Kwells, wato hyoscine, wanda a Amurka suke kira scopolamine. Shi yana kama jiki da sauri, minti 20 zuwa 30 kafin tafiya ya isa, ana iya tsotsa ko taunawa, amma ba ya daɗewa: ga babba, ɗaya duk awa shida, kada a wuce uku a yini da kwana. Akwai na yara, Kwells Kids, mai rabin ƙarfi, daga shekara 4. Yana busar da baki ƙwarai, wani lokaci gani ya yi dishi-dishi. Mai hawan jinin ido ba ya shan sa, kuma Hajiya tana ɗiga maganin wannan ciwon kullum dare, don haka likita ya soke mata shi kai tsaye. Dattijon da fitsari ke masa wuyar fita shi ma ya kiyaye, yana iya ɗaure shi gaba ɗaya. Tsofaffi kuma wani lokaci yana rikita musu tunani.

Wannan hyoscine ɗin dai shi ne a cikin 'yar filastar da za ki ga mutane sun manna a bayan kunne, ana sayar da ita a nan da sunan Scopoderm. Guda ɗaya tana aiki har awa 72. Ana manna ta a busasshiyar fata mara gashi a bayan kunne awa biyar zuwa shida kafin tafiya, ko tun daren jajibiri. Ba a yanka ta biyu, ba a manna biyu lokaci ɗaya, ba a sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 10, kuma wanda ya manna ta ba ya ƙara Kwells a kai, don abu ɗaya ne zai ninka. Idan kwana uku sun cika ana buƙatar wata, sai a koma ɗaya kunnen. Maigidana ita ya zaɓa, ina jin don babu mai ganin sa yana haɗiyar ƙwaya.

A nan sai ki yi hattara da alwala. Ranar da ya gwada ta a gida, ya shafi kunne da jiƙaƙƙen hannu, yatsansa ya bi ta kan filastar, yana idarwa ya murza ido. Bayan awa guda na dube shi na ce, "Baban yara, me ya sami idonka?" Baƙin ɗigon tsakiyar idonsa na dama ya buɗe ya yi faɗi kamar na mage da dare, na hagu yana nan yadda yake. Haske na damun sa, rubutun waya ya gagare shi karantawa. Mun tsorata har muka kira layin neman shawarar likita, aka tambaya ko ya taɓa filastar, aka ce zai koma da kansa. Sai da ya kwana biyu. Laifin hannunsa ne, takardar ta faɗa ƙarara a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Tun daga nan idan ya zo shafar kunne yana kauce mata, ya kuma sake wanke yatsu bayan ya gama. Wani abin kuma, tana rage gumi, don haka wanda zai je wuri mai zafi irin Bahar Maliya ya yawaita shan ruwa ya guji daɗewa a rana.

Wannan labarin shi ya sa nake cewa ki gwada kowane magani a gida, sati biyu kafin tafiya, ranar Asabar da babu makaranta kuma babu mai tuƙi. A nan na gano cewa Kwells yana mayar da babbar 'yata kamar an ɗaure mata dutse a ka, Stugeron kuma ba ya mata komai. Wasu yaran ma maimakon barci sai maganin ya birkita su, su yi ta tsalle-tsalle da kuka. Gara ki ga wannan a falonki.

Akwai promethazine, wanda muka sani da Phenergan ko Avomine. Yana aiki, yana daɗewa, ana shan sa tun daren da za a wayi gari a yi tafiya, amma barcinsa nauyi gare shi. Na san yadda wasu iyaye a gida ke ɗura wa yara shi don su yi shiru a mota. Yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ba a ba shi sam, yana iya danne masa numfashi, ɗan ƙasa da shekara 6 kuma sai da izinin likita. Kada kuma ki haɗa ɗaya daga cikin waɗannan da Piriton, ko maganin tari mai sa barci, ko maganin barci. Idan ta Amurka za ku tashi, sunayen da za ki gani a kanti su ne Dramamine da Bonine. Magungunan atishawa na zamani marasa sa barci, irin cetirizine da loratadine, kada ki ɓata kuɗinki, ba sa hana jirin teku. Mai ciki da mai shayarwa da mai farfaɗiya, kowacce ta ji daga bakin likitanta kafin ta sha ko ɗaya.

To, abin hannu fa? Wanda aka fi sani Sea-Band ne: wata 'yar saƙaƙƙiyar ɗamara mai talewa kamar bakin safa, da ɗan maɓallin roba a ciki. Dabarar daga likitancin gargajiyar Sin ta fito, wai danna wani gurbi a cikin hannu da suke kira P6 yana kwantar da tashin zuciya. Yadda ake gano gurbin: ki buɗe tafin hannu yana kallon sama, ki jera yatsu uku na tsakiya na ɗaya hannun a kan wuyan hannu, yatsan zobe yana kan layin da hannu ke lanƙwasawa. Ƙarƙashin yatsan nuni, tsakanin jijiyoyi biyu da ke fitowa idan kin dunƙule hannu, nan ne maɓallin zai zauna. Hannu biyu ake sawa. Idan yaro ne, da yatsunsa za a auna, kuma akwai ƙanana na yara daga shekara 3.

Ra'ayina a kansa, bayan na sayi shida: gwaje-gwajen da aka yi ba su tsaya a magana ɗaya ba, kuma da dama sun nuna bai fi abin hannun bogi ba wajen jirin tafiya. Amma ba ya sa barci, ba ya faɗa da wani magani, kuma natsuwar zuciya ita ma tana da nata rabon a wannan ciwon, don mai fargabar amai ya fi saurin yin sa. Saboda haka na sa wa kowa, amma ban bar wanda na san jiri na kamawa da shi kaɗai ba. Hajiya, da ba ta da damar shan yawancin ƙwayoyin, shi da citta ta riƙe. Har yau tana gaya wa ƙawayenta cewa awarwaron Turawa ne ya tsare ta. Ban taɓa tuna mata cewa a tafiyar farko ba ta da shi kuma ita kaɗai ta ci abincin dare ba. Surukuwa ce.

Matsalarsa biyu. Yana barin shaida a fata, don haka idan yatsun yaro sun fara kumbura ko yana cewa hannunsa ya mutu, ki cire. Sannan sau biyar a rana za a tuɓe shi don alwala, mayar da shi daidai kuma aiki ne. Na ɗauki biro na ɗiga wa kowa alama a gurbin, ina sabuntawa da safe.

Citta kuwa ban bar ta a baya ba. Ita ma hujjarta a wajen masu bincike rabi-da-rabi ce, amma ni tana kwantar min da ciki. Na tafi da garin citta a ƙaramin kwalba da alawar citta, ruwan zafi kuma kyauta ne a jirgi. Mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likita kafin ya yawaita ta.

Ga yadda ranar tashi ta kasance a karo na biyu. Jirgi zai tashi ƙarfe biyar na yamma. Maigida ya manna filastarsa tun da hantsi kafin mu bar otal. Ƙarfe uku, muna cikin jirgi mun ci abinci, ni da babbar muka sha Stugeron biyu-biyu, yaron ya sha ɗaya. Auta ta cika shekara 4, amma da yake ba ta nuna komai ba a karon farko, sai na bar ta da abin hannu, na ajiye nata Kwells Kids a jaka. Na saita ƙararrawar waya duk awa takwas, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bakwai na safe, uku na rana. Jakar maganin tana hannuna, ban sa ta a akwati ba, don akwatuna sukan kai dare kafin a kawo su ƙofar ɗaki. Bayan mun wuce Biskay muka dakata, tunda jiki yakan saba da motsin cikin kwana biyu zuwa uku. Da za mu sake ratsa shi a dawowa muka koma sha tun daren. Ki riƙa sauraron sanarwar kyaftin ta tsakar rana, yana faɗin iska da tsayin igiyar da ke gaba. In kuma kin ga an zubar da ruwan wurin ninƙaya an rufe shi da raga, ko jakunkunan nan sun bayyana a matakala, ba sai an gaya miki ba.

Ranar da teku ya tashi, zaman ɗaki da waya a hannu shi ne babban kuskure. Na karɓe wayoyi da kwamfutar hannu duka, aka yi ta ƙunƙuni, na toshe kunnena. Muka fita farfajiyar benen ƙasa, tsakiyar jirgi, inda iska ke kaɗawa, kowa ya fuskanci gaba ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Na mayar da shi wasa: wanda ya fara hango wani jirgi ko tsuntsu yana da alawa. Wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka da wurin wasan yara galibi suna can benen sama, zauren kallo kuma yana can goshin jirgi, duk wuraren da suka fi lilo ke nan. A irin ranar nan mu a babban ɗakin cin abinci na ƙasa muke ci.

Kada a zauna da yunwa, kada kuma a cika ciki. Biredi, farar shinkafa, biskit mara zaƙi, koren tufa da ma'aikatan jirgi ke yawan ba da shawara, ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Soyayyen abu da mai maiƙo a bari sai an ga tudu. Wari ma yana tayar da shi. Da ciwon zuciya na mayar da humrata ƙasan akwati na kwana biyu, na roƙi Hajiya ita ma ta yi haƙuri da turarenta.

Sallah tana buƙatar dabara, domin ruku'u da sujada suna jujjuya kai, kuma juyin kai a jirgi mai tangaɗi yana ƙara jirin nan take. Ki yi a hankali, ki buɗe ƙafa kaɗan a tsayuwa. Idan tsayuwar ta gagara, sallah a zaune ta halatta ga wanda ba shi da iko. Talabijin ɗin ɗaki yana da tasha mai nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita muke kintatar alƙibla.

In duk da haka wani ya faɗi, ki kwantar da shi rigingine, kai a kan matashi ba motsi, ido a rufe, ɗaki da sanyi. Kwanciya da rufe ido suna raba gardamar ido da kunne. Bayan amai a jira kaɗan, sannan a fara ba da ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Ki tafi da 'yan fakitinsa daga gida. Idan yaro ya kasa riƙe ko ruwa, fitsarinsa ya ragu, leɓɓansa sun bushe, ko ya yi laushi, ki kai shi asibitin jirgi, yawanci yana benen ƙasa. Suna da allura mai tsayar da aman. Ana biya, kuma a karon farko kuɗin ganin likitan kaɗai ya ninka abin da zan kashe a kemis sau da yawa, don haka ki tabbata inshorar tafiyarku ta haɗa da jirgin ruwa, ki kuma ajiye rasit.

Ki iya bambance shi da wani ciwon kuma. Jirin teku ba ya zuwa da gudawa ko zazzaɓi, kuma yana sauƙi idan ruwa ya kwanta. Amai da gudawa tare, musamman teku na lafiya, yana iya zama ƙwayar cutar norovirus mai yaɗuwa a wuraren cunkoso. Wannan a kira asibitin ta wayar ɗaki, a zauna a ɗaki, a yi ta wanke hannu da sabulu, don man goge hannu bai cika kashe ta ba.

A dawowarmu ta biyu Biskay ya ɗan nuna hali, har kofuna na zamewa a tebur. Yaron ya yi hamma biyu, na fitar da shi iska na ba shi tufa, ya warware. Auta ta sha rabin ƙwayarta ta yi barci a cinyar Hajiya. Ɗan Yawuri, da filastarsa a bayan kunne a ƙarƙashin hula, ya tsaya a bakin ƙarfe yana yi wa wani Bature bayanin yadda ake karanta ruwa.

Da muka sauka Southampton sai ƙasa ta kama lilo da mu. Wannan ma sananne ne, jiki ya saba da motsi yana neman sa, yakan wuce cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, wanda nasa ya zarce kwanaki da yawa ya ga likita. Wanda ya daɗe da filasta shi ma yana iya jin jiri kwana guda bayan ya cire ta. Saboda haka, da sauran barcin magani a ido, ba mu kama doguwar hanya a ranar ba, muka kwana a garin. Da asuba na ga Hajiya ta dafa bango tana tayar da sallah a ɗakin otal, ta juyo ta ce min, "Ke, wannan gidan nasu ma tafiya yake yi?"